Shafukan da Malam Ya Ƙi Rufewa

Safana, ranar Lahadi

Zuwa ga taubashiyata Talatu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Malam Sahabi da yara. Mu nan sai godiya. Inno dai gwiwar nan ce, in hadari ya haɗo ta tashi, in rana ta fito ta lafa. Ta ce in tambaye ki ko kin manta hanyar gidan gwaggonki ne. Na ce mata ta yi haƙuri, hanyar ce ta zama abin da ta zama. Tsadar abinci kuwa ba sai na ba ki labari ba, abin da ya ci Safana bai bar Batsari ba.

Jiya mun sha "kina ji na, kana ji na" kamar masu neman juna a gonar dawa, har katina ya ƙare ban faɗi abin da ya sa na kira ba. Shi ya sa na koma ga biro. Sada direba ne zai kawo miki, ki ba shi amsa in zai juyo.

Ga matsalar. Kin san ɗiyata Mardiya ta zauna jarrabawar makarantar ungozoma. An ce an saki sunaye a intanet, kuma duk wadda ta ga sunanta sai ta danna cewa ta karɓa kafin Juma'ar ƙarshen wata, in ba haka ba a ba wata gurbin. Jabir mai shagon kwamfuta ne ya yi mata rajista a cikin wayata, ya ce lambar sirrin tana ajiye a ciki, ba sai mun haddace ba. To, tsadar man fetur ta kori Jabir. Ya rufe shago ya tafi Kaduna, lambarsa ma ba ta shiga. Ke nan ƙofa ɗaya ce gare mu, wayar nan tawa.

Ita kuwa burauzar wayar, wato ƙofarta ta shiga intanet, ta yi nauyin da ban san irinsa ba. In na taɓa, sai wani zobe ya yi ta juyawa, in je in yi alwala in dawo yana nan. Daga ƙarshe ta yi fari fat, ta ɗauki zafi. Ga wasu saƙonni da ke faɗowa ba sallama: masu caca, masu maganin ƙarfi, har da wata da ta ce wai kaɗaici ya dame ta kuma tana kusa da Safana. Wannan ta faɗo ne ina nuna wa hedimasta wani hadisi. Ni da nake koyar da addini a makarantar! Ban san lokacin da na kife wayar a kan tebur ba.

Abin da ya fi ba ni haushi, akwai wani ɗan akwati a sama da ke nuna lamba a da. Yanzu babu lamba, sai fuska mai dariya. Wayar da na saya da gumina ce take yi mini dariya.

Ke ce mai zama gaban kwamfuta a sakatariya. Ki rubuto mini dalla-dalla, yadda ake yi wa ɗan aji ɗaya. Mardiya kuwa kullum in na dawo daga makaranta aljihuna take fara kallo.

Naki,
Hashimu

*

Batsari, ranar Laraba

Zuwa ga bawana Hashimu,

Wa alaikumus salam. Ɗan gwaggo bawan ɗiyar kawu ne, ko ya zama babban malami, don haka ka karanta wannan a durƙushe. Muna lafiya. Autana ya yi zazzaɓi ya warke. Ka gaishe mini da Gwaggo Inno, ga man zafi nan na ba Sada, a riƙa shafa mata. Ka ce mata ban manta hanya ba, kuɗin motar ne ya fi ƙarfin kirkina.

Na yi dariya har Malam Sahabi ya leƙo yana tambaya ko lafiya. Baiwar Allah ta ce kaɗaici ya dame ta, kai kuma ka kife ta a tebur. Haka ake yi wa baƙo?

To saurara. Saƙonnin nan kai ka ba su izini da hannunka. Wani shafi ya tambaye ka da Turanci ko ya riƙa aiko maka da sanarwa, kai kuma da saurin amsa sallama ka danna eh. Ka taɓa ɗigo uku da ke kusurwar sama, ka shiga setin, ka nemi wurin sanarwar shafuka. Za ka ga jerin waɗanda ka yarje wa. Duk sunan da ba ka sani ba, ka hana shi. Daga yau kuma in shafi ya roƙi wani abu, amsarka a'a ce har sai ka san ko ɗan gidan wane ne.

Na biyu, burauza tana tara hotuna da guntayen kowane shafi da ka taɓa buɗewa, wai don gaba. In sun yi yawa sai su zame mata kaya. Cikin ɗigo ukun nan akwai wurin goge bayanan yawo. Zai nuna maka 'yan akwatuna. Ka zaɓi na hotuna da fayilolin da aka ajiye kaɗai. Hashimu, ka buɗe ido a nan: kada ka taɓa na lambobin sirri, kada ka taɓa wanda ake kira kukis. In ka goge su, ƙofar Mardiya ta rufe ke nan, kuma mabuɗin yana Kaduna. In kana shakka ka ba yarinyar ta yi.

Na uku shi ne babba. Fuskar nan ba dariya take yi maka ba, ko da yake ka cancanta. Akwatin yana ƙirga shafukan da ka buɗe ba ka rufe ba ne, in sun kai ɗari lissafi ya ƙare masa sai ya yi murmushi. Shafi sama da ɗari a waya irin taka! Jaki ma a yi masa wannan lodi sai ya durƙusa. Ka taɓa akwatin, za ka gan su jere, kowanne da alamar kuros a gefensa. Ka share tarkacen nan gaba ɗaya, shara ce kawai kake ɗauke da ita a aljihu. Ka bar shafin makarantar kaɗai.

In ka gama ka kashe wayar ka kunna, don na san tun da ka saye ta ba ta huta ba sai in caji ya ƙare. Ka gwada da sassafe kafin gari ya tashi a kan layi. Ba a fafe gora ranar tafiya, kada ka jira Juma'ar ƙarshe.

Uwargijiyarka,
Talatu

*

Safana, ranar Asabar

Malama Talatu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, da fatan kuna lafiya. Man zafi ya iso, Inno ta gode.

Na hana saƙonni, sun daina zuwa. Na goge hotunan da kika ce, ban taɓa sauran ba. Na kashe na kunna. Ta ɗan yi dama, amma shafin makarantar har yanzu zobe ne.

Na ukun ban yi ba, kuma ba zan yi ba. Na taɓa akwatin na ga abin da kika kira tarkace da shara. Ayoyi ne, Talatu. Hadisai ne da tafsiri, waɗanda nake buɗewa in shirya darasi. Ban taɓa rufe ko ɗaya ba, kuma ina sane. Alamar da ke gefensu ita ce wadda nake yi wa yaro da jan biro in ya yi kuskure. Ni ne zan ɗora wannan alama a kan maganar Allah, in ga ta ɓace, ban san inda ta faɗa ba?

Gida ɗaya aka rene mu a Tsaskiya. Kin san kakanmu ko guntun takarda ya gani a ƙasa da rubutun Larabci, sai ya duƙa da tsufansa ya ɗauka ya soke a katanga. Wasa tsakaninmu gado ne, na sani, kuma ban taɓa jin zafinsa ba. Wannan karon na ji.

In akwai wata hanya ki faɗa mini. In babu, Allah ya zaɓa wa yarinyar abin da ya fi alheri.

Hashimu

*

Batsari, ranar Lahadi

Ɗan'uwana Hashimu,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina fata kai da Gwaggo da Mardiya kuna cikin ƙoshin lafiya. Kada ka ɗauka shirun nan fushi ne. Takardarka ta yi mako guda a aljihun motar Sada. 'Yan bindiga sun tare hanya wajen dajin nan, direbobi suka ajiye mota, sai jiya suka fara fita. Na yi ta kiran ka, layi ya ƙi. Mu dai lafiya, amma mutanen ƙauyen Karare sun sake gudowa gari da tabarmi a ka, har makarantar unguwarmu an ba su aji biyu. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan abu.

Na karanta takardarka a tsaye, na sake karantawa a zaune. Da na ga "Malama Talatu" na san na yi ɓarna, don tun muna yara ba ka taɓa girmama ni ba sai in ranka ya ɓaci. Wallahi ban san abin da ke cikin shafukan ba. Na zaci labaran siyasa ne da farashin taki, irin na wayar kowa. Rashin sani ya fi dare duhu. Ka yafe mini, kuma Allah ya yafe mini.

Amma ka saurare ni, ko da ni ba malama ba ce. Kai da kanka kana wanke allo. Yaro ya kiyaye karatunsa, a wanke, a rubuta na gaba, ba wanda ya ce an wulaƙanta aya. Ita ma wayar allo ce ƙarama, ba za ta ɗauki sabon rubutu ba sai an rage na da. Kuma rufe shafi ba ya taɓa rubutun, yana can inda masu shi suka ajiye shi. In kana son ka same shi gobe, ka buɗe shafin, ka taɓa ɗigo uku, za ka ga ɗan tauraro. Ka danna shi. Ya zama ka sa alama ke nan, duk ranar da ka so ka koma, kuma alamar ba ta da nauyi a kan waya ko kaɗan.

Saura magana ɗaya, kuma in za ka sake kira na Malama ka kira. Shin ayoyin ne kaɗai suka riƙe maka hannu? Na ga yadda ka yi saurin cewa Allah ya zaɓa mata. Na san inda uwar Mardiya ta cika, a bayan babur tsakanin Tsaskiya da Safana, da naƙuda, babu ungozoma kusa. Na san don haka yarinyar ta nace wa karatun nan. Na kuma san ita ce ke dafa maka, ita ke kama Gwaggo zuwa bayan gida. In tsoron tafiyarta ne, ka faɗa da sunansa mu san abin da muke magani. Juma'ar nan mai zuwa ce fa ta ƙarshe.

Taka,
Talatu

*

Safana, ranar Talata

Talatu sarkin baki,

Assalamu alaikum. Mun ji labarin hanya, mun yi ta addu'a. Alhamdu lillahi da kuke lafiya. Inno ta samu sauƙi har tana fita tsakar gida da sandarta. Na yafe, ni ma ki yafe mini Malamar da na yi miki, ba ki cancance ta ba.

Hujjarki ta allo ba ta tsaya ba, kada ki sake kai ta gaban malamai. Ruwan allo mun san inda yake zuwa: ko a sha, ko a zuba a wuri mai tsarki. Tambayata ke nan tun farko, ina yake zuwa? Amma zancen tauraron ya shige ni. Na samu wani shafi na hasashen damina a cikin jerin, na yi gwaji da shi. Na sa masa tauraro, na rufe ido na danna kuros ɗin, ya ɓace. Na bi inda kika ce, sai ga shi cif, ko wasali bai ragu ba. Na zauna na yi tunani. Ashe ba soke shi na yi ba, rufe shi na yi, yadda nake sa tsinke a Alƙur'ani in rufe in ɗora a kan kanta. Wanda ya bar Alƙur'ani ɗari a buɗe a ɗaki ɗaya ma ai ba girmamawa ya yi ba. Gani ya kori ji.

Sai dai ba zan rufe su a dunƙule ba kamar mai korar kaji. Ba a katse aya a tsakiya. Kowane shafi sai na karanta abin da ke kansa har ƙarshe, in ce sadaƙallahul azim, in sa tauraro, sannan in rufe. Ina yi bayan asuba da bayan la'asar. Inno ta sa an kawo mata tabarma kusa, ta ce ta daɗe ba ta ji tafsiri mai tsawo haka ba tun da batirin rediyonta ya gagare mu. Fuskar nan ta daina dariya, lamba ta dawo, tana raguwa.

Tambayarki kuwa, da na karanta na ninke takardar na ce wannan mata ba ta da kunya. Na je masallaci na dawo ban daina jin haushi ba, a nan na gane kin taɓa wurin. Zancen ayoyin gaskiya ne, ban yi ƙarya ba. Amma da zoben nan ke juyawa, akwai wani gefe na zuciyata da ke samun sauƙi. Ina tsoro, Talatu. Ina tsoron hanya, ina tsoron gidan nan in ba ta. Gona ta tafi, garinmu ya tafi, uwarta ta tafi. Ita ce abin da ya rage da nake iya gani da idona kullum.

Jiya tana tankaɗe na ce mata, "Mardiya, in ba a dace ba fa?" Ba ta ɗago ba ta ce, "To mi za a yi, Baba? Sai in sake baɗi." Da ta yi kuka ma da ya fi mini sauƙi.

Naki,
Hashimu

*

Batsari, ranar Laraba

Hashimu,

Salamu alaikum, muna lafiya, a gaida Gwaggo. Sada ya tayar da mota, a kan gwiwata nake rubutu.

Na ji, kuma ban raina tsoronka ba. Ni ma uwa ce. In ta samu, ƙanwar Malam Sahabi da mijinta ya rasu tana nan zaune ba ta da abin yi, ta ce za ta zo ta zauna da Gwaggo. Wannan ka bar mini.

Amma don girman Allah ka ɗaga ƙafa! Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu magana, amma su ba a ba su Juma'a ba. Mardiya ta sauke Alƙur'ani, ka raba karatun da ita. Kuma ba sai sun ƙare duka ba, in lambar ta sauko ƙasa sosai ka gwada shafin. Ka tsaya wajen tankin ruwan unguwarku, an ce can layi ya fi kamawa.

Ban da barci, ido biyu nake har in ji daga gare ka.

Talatu

*

Safana, ranar Asabar

Taubashiyata Talatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Da fatan kun tashi lafiya, ke da Malam Sahabi da yara. Ki yi masa godiya, ki yi wa ƙanwarsa, Allah ya saka da alheri. Inno lafiya, tana gaishe ki.

Na bi maganarki rabi, kamar yadda na saba. Na raba karatun da Mardiya, ta ɗauki hadisai na ɗauki tafsiri, wayar na yawo tsakaninmu. Amma ban gwada shafin ba sai da muka rufe na ƙarshe, don abin da aka fara da ladabi a ƙare shi da ladabi. Ranar Alhamis da la'asar muka gama. Na kashe wayar, na kai ta caji wurin mai sola, na karɓo ta cike.

Jiya Juma'a da muka idar da sallar asuba, gari ya fara haske, muka tafi wajen tankin ni da ita. Mata sun fara jera jarkoki. Na kunna, na karanta abin da ya sawwaƙa, na taɓa shafin makarantar, na shirya tsayuwa, don na saba in na taɓa sai in jira. Na ma fara gaisawa da wani maƙwabci. Mardiya ta ja hannun rigata ta ce, "Baba, ya buɗe."

Ko zoben ban gani ba. Sunanta ne a sama, da nawa a bayansa, da ɗan hotonta na hijabi. A ƙasa ga wani koren wuri da aka rubuta a karɓa. Ta karanta sau biyu. Na miƙa mata wayar, ta mayar da hannunta baya ta ce, "A'a, Baba. Kai za ka danna. In ba ka danna ba, ni ma ban so."

Na dube ta. Ƙarya take yi, tana so, duk jikinta yana so. Amma da gaske take ba za ta danna ba. Na yi bisimilla na sa yatsa.

Nan take ya amsa. Wai an karɓa, ta zo farkon watan gobe da kayanta. Ko numfashi ban sauke ba. Matan tanki suka ji, aka yi ta guɗa, wata tsohuwa ta rungume ta tana cewa Allah ya sa ta karɓi haihuwar jikokinta. Ni kuwa ina tsaye da waya a hannu. Kusan wata guda na yi ina tsine wa nauyinta, amma wallahi Talatu, a wannan dannawar na so a ce ta ɗan juya zoben nan, ko na ɗan lokacin da zan ƙara kallon yarinyar tana tawa ni kaɗai. Kin gyara ta fiye da yadda na roƙa.

Na yi farin ciki, kada ki ji wani abu. Na yi kuka kuma, a hanyar dawowa, na ce mata hayaƙin masu ƙosai ne.

Yanzu sai shiri. An ce akwatunan ƙarfe na kasuwar Batsari sun fi namu ƙwari. Ki duba mata ɗaya mai kyakkyawan kwaɗo, wanda zai ɗauki kayan sawa da bargo, ki ba Sada. Akwai sauran kwanaki. Ba sai kin yi sauri ba.

Bawanki,
Hashimu